FILIN MANOMA: Zaɓen Salansa Ga A-kori-kura Mai Shan Gas

Manoma, 'yan kasuwa da malaman ofis, a wannan mako za mu fita daga gona kaɗan, mu yi magana a kan abin da ke kwashe amfanin gona ya kai shi kasuwa, watau mota. A jikin motar ma abu guda za mu ɗauka, wanda ba safai a kan tuna da shi ba sai ran da ya fashe. Shi ne bututun hayaƙi, wanda direbobi da kanikawa ke kira salansa.

Maganar ta shafi kowa, amma ta fi shafar mutanen ƙasar Sabon Birni da Isa. A wannan yanki ne Gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa, Gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga Nijar ya tarar da su, ruwan ya wuce Goronyo da sunan Gulbin Rima. Saboda haka ƙasar tana da fadama mai ba da albasa da shinkafa da rake da tattasai, tana kuma da jigawa mai ba da gero da wake. Duk wannan kaya sai an ɗauke shi, ko zuwa Shinkafi, ko Sakkwato, ko a ƙetara da shi Maraɗi. Kakanninmu da jakuna da raƙuma suka yi ta kai gyaɗa Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1929. Yau a-kori-kura da kanta su ne jakunan, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya mai nauyi man gas suke sha.

To, wata al'ada ta shigo. Samari suna kallon manyan motocin Amurka a waya, masu bututu kamar cinyar sa, suna ruri suna tuttuɗa baƙin hayaƙi. Sa'an nan in salansar motar gida ta huje, sai yaro ya ce da mai gida a sa babba, ko a cire tukunyar gaba ɗaya, wai mota za ta ƙara ƙarfi. Wani mai walda ma ya goya masa baya. Kafin ka ba da kuɗin buhunan geronka, ga abin da ya kamata ka sani.

AIKIN SALANSA

Injin gas, wanda wani Bajamushe Rudolf Diesel ya fitar a 1897, ba shi da fulogin tartsatsi kamar injin fetur. Iska yake shaƙa, ya matse ta ƙwarai har ta yi zafi, sa'an nan a feso mata mai, ya kama wuta da kansa. Ƙonewar ce ke tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Abin da ya rage bayan ƙonewa shi ne hayaƙi, kuma tilas ya fita kafin sabuwar iska ta sami wurin shiga.

Salansa tana da aiki uku. Na farko, ta ɗauke hayaƙin daga inji ta kai shi nesa da hancin mutane. Na biyu, ta kashe ƙara. Na uku, ta fitar da zafi, gama in mota tana hawa da lodi hayaƙin yakan wuce digiri 500 a ma'aunin zafi, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. A motocin zamani akwai aiki na huɗu, watau tace hayaƙi, za mu zo kansa.

Ku lura, a cikin waɗannan ayyuka babu yin ƙarfi. Ƙarfi a cikin inji ake yinsa, da iska da mai. Salansa hanya ce. In hanyar ta toshe ko ta lotse, inji ya shaƙe ya rasa ƙarfinsa, in an gyara ƙarfin ya komo. Amma in hanyar lafiya lau take, faɗaɗa ta ba zai haifar da ƙarfin da babu shi ba.

Duk mai noman rani a fadama ya san wannan. In injin ban-ruwanka mai inci 2 ne, ka sayo tiyo mai inci 3 ka ɗaura masa, ruwan da ke zuwa fangali ba ya ninkuwa. In kuwa tiyon ya lanƙwashe, ko wani ya taka shi, nan take ruwa ya ragu. Haka salansa take ga inji.

FARA DUBA HAYAƘIN

Mutane da yawa suna zuwa sayen salansa ne don mota ta yi sanyi ko tana hayaƙi. Sau da yawa laifin ba na salansa ba ne. Launin hayaƙin shi zai gaya maka inda ciwon yake.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Abu na farko da za a duba shi ne matatar iska, gama ƙurar hunturu da rairayin hanyar Gatawa ko Tsamaye suna toshe ta cikin ɗan lokaci. In matatar lafiya take, a duba nozul da injekta. In su ma lafiya suke, to, lodi ne ya fi ƙarfin mota.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Ko ringi ya cinye, ko turbo yana yoyo.

Farin hayaƙi da sassafe lokacin sanyi, wanda ke ɗaukewa in inji ya yi ɗumi, ba kome ba ne. Amma in ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, ana zaton gasket ya ƙone. In ruwa bai ragu ba, man ne ba ya ƙonewa sosai.

Babu salansar da ke maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya sa sabon bututu ga inji mai baƙin hayaƙi, ya sayo wa majinyaci sabuwar riga ne ya hana shi magani. Kuma baƙin hayaƙin nan da samari ke sha'awa, mai ne da ka saya da kuɗinka yake fita bai yi aiki ba. Kowa ya tuna yadda kuɗin gas ya ninka har fiye da haka a cikin shekarar 2022 kaɗai.

INJINKA WANE IRI NE?

In ka tabbata salansar ce ta mutu, tambaya ta farko ita ce irin injin da ke cikin motarka. Iri uku ne.

Iri na farko shi ne inji marar turbo, wanda ke shaƙar iska da kansa. Misalinsa injin 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3 na Toyota Hilux, da 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser. Waɗannan su ne jakunan daji na ainihi, ba su da tsada wajen gyara, ba su da zaɓen mai. Irin wannan inji ba ya ƙaruwa da babban bututu. Hasali ma in bututun ya cika faɗi, hayaƙi yakan rage gudu a cikinsa, kamar ruwan da ya fito daga ƙaramar kwata ya shiga babban fili ya kwanta. Sai ka ji ƙara ta ƙaru, jan kaya kuwa yana nan yadda yake, ko ma ya ɗan ja baya a ƙaramin gudu, inda mai lodi cikin rairayi ya fi bukatarsa. Shawara ga mai wannan inji ita ce ya sa bututu daidai faɗin na asali.

Iri na biyu shi ne inji mai turbo, kamar 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3, waɗanda ake rubuta wa D-4D a jiki. Turbo wata 'yar farfela ce da hayaƙi ke juyawa, fiye da sau 100,000 a minti guda, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa wa inji iska. Tun da hayaƙi ne ke juya ta, in ya sami hanyar wucewa a sake bayan ya bar ta, takan ɗauka da wuri, zafi kuma ya ɗan ragu. A nan ƙarin faɗi kaɗan yana da amfani. Amma amfanin kaɗan ne, gama kwamfutar motar ce ke auna man da za a feso, bututu ba ya canja mata lissafi.

Iri na uku shi ne sababbin injuna, kamar 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8 da suka fito a 2015, da sauran motocin da aka ƙera domin Turai suka shigo mana ta Kwatano a matsayin na hannu. Da yawansu suna da abu biyu a cikin salansa. Ɗaya shi ne abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda kanikawa ke kira indomi, mai rage dafin hayaƙi. Ɗayan matata ce mai kama baƙin toka, a kan rubuta ta DPF. In matatar ta cika, kwamfuta takan ƙara zafin hayaƙi ya kai wajen digiri 600 don tokar ta ƙone. Wannan ƙonawa tana son tafiya mai ɗorewa a kan kwalta, kamar ta rabin sa'a. Motar da kullum tana rarrafe daga gona zuwa gari ba ta samun wannan, sai matatar ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi gudu.

Akwai kuma maganar mai. Tun 2009 gas ɗin Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba. Namu na Afirka ta Yamma ya daɗe yana ɗauke da ninkin wannan sau ɗari ko fiye. Sai a 2020 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince a sauko zuwa kashi 50 cikin miliyan. Farar wuta mai yawa tana kashe indomi, tana gaggauta toshewar matata. Saboda haka mai irin wannan mota ya guji gas na jarka da bai san asalinsa ba.

In matatar ta toshe, wani bakanike zai ce a zura rodi a farfasa ta. Kada ka yarda da sauri. Akwai na'urori a jikin salansar masu gaya wa kwamfuta halin da matatar ke ciki, in sun ji abin da ba su saba ji ba, kwamfuta takan rage wa mota ƙarfi, a yi gyaran gangar Auzinawa. A fara gwada doguwar tafiya, in ba ta yi ba a kai wa mai na'urar bincike a Sakkwato ko Kano a ƙone tokar ko a cire matatar a wanke. Kuma ka sani indomi yana da ɗan ƙarfe mai daraja a cikinsa, ana sayensa da tsada. Shi ya sa wani ke ɗokin cire maka shi kyauta. In an taɓa salansarka, ka tsaya a wurin, abin da aka cire kuma naka ne.

Wanda bai riga ya sayi mota ba, kuma aikinsa a daji yake, gara ya tambaya ko tana da wannan matata tun kafin ya biya.

FAƊIN BUTUTU

Bututun a-kori-kura irin namu yawanci tsakanin inci 2 ne da inci 2 da rabi. Ga yadda za ka auna ba tare da wani kayan aiki ba. In inji ya huce, ka zagaya bututun da zare, ka miƙe zaren a kan ma'auni. In ya ba ka inci 6 da 'yan kai, bututun mai inci 2 ne. In ya kusa inci 8, mai inci 2 da rabi ne. In ya kusa 9 da rabi, mai inci 3 ne.

Mutum zai ce, daga inci 2 zuwa 3 ai inci guda ne kawai. Lissafin rami ba haka yake ba. Faɗin a kan ninka da kansa. 2 sau 2 shi ne 4, 3 sau 3 kuwa 9. Ashe ramin mai inci 3 ya fi ninki biyu na mai inci 2. Ko daga 2 da rabi zuwa 3 ma, ƙarin ya kusa rabi.

Motocin Amurkan da ake gani a waya, irin su Ford da Ram, injinsu ya kai lita 6.7, watau ya kusa uku na Hilux mai lita 2.4. Shi ya sa ake sa musu bututu mai inci 4. Sirdin raƙumi ba ya zama a bayan jaki.

Ƙa'idar ke nan. Marar turbo, a bar shi yadda maƙera suka auna. Mai turbo, in za a ƙara kada a wuce rabin inci. Kuma ƙarin ya fara tun daga bayan turbo har wutsiya. Wanda ya bar bututunsa ƙarami ya liƙa ƙaton baki mai walƙiya a ƙarshe, ado ya saya.

ƘARFEN DA AKA YI SHI

A ƙasar fadama abin da ke kashe salansa shi ne tsatsa da girgiza. Laka takan manne a bisan bututu ta riƙe danshi, ta ci shi daga waje. Daga ciki kuma, hayaƙi yana da ruwa-ruwa, in ya haɗu da farar wutar mai ya zama tsami mai cin ƙarfe. Motar da ake tayarwa a yi gajeriyar tafiya a kashe ta fi saurin hujewa, gama ruwan bai sami zafin da zai busar da shi ba.

Ƙarfe iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe tsura, shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi saurin ruɓewa, ko da an shafa masa fenti mai ƙyalli. Akwai baƙin ƙarfen da aka lulluɓe da alminiyam, ya fi na farko daɗewa muddin ba a kankare lulluɓin ba. Sa'an nan akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, mai tsada. Shi ma kashi biyu ne. Wanda ake kira 304 mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai, kuma ba ya sake launi da wuri. Wanda ake kira 409 mayen ƙarfe yana kama shi, bayansa yakan yi ja-ja, amma ba ya hujewa da sauri, da shi ake yin salansar asali ta motoci da yawa. Saboda haka mayen ƙarfe kaɗai ba ya raba gardama.

Abin da ya fi raba ta shi ne kauri. Ka ɗaga ka ji nauyi. Ka ƙwanƙwasa da sifana. Ka dubi bakin inda aka yanke. Bututun da ya yi kama da gwangwanin madara ba zai ga damina biyu ba.

Sau da yawa salansar asali ta hannu, wadda aka kwance daga mota irin taka, ta fi sabuwa marar suna. Ana samunta a wajen masu kayan gyara a Sakkwato, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna. Amfaninta shi ne lanƙwasarta da ramukan noti duk sun dace da motar. In za ka saye ta ka girgiza tukunyar. In ka ji abu yana kaɗawa a ciki, shingayen cikin sun saki, ka ajiye. Ka je da tsohuwar taka, ko da lambar injin, don a gwada.

TUKUNYA DA ƘARA

Tukunyar salansa iri biyu ce. Wata tana da shingaye a ciki, hayaƙi ya yi ta kewaye kafin ya fita. Ita ta fi kashe ƙara. Wata kuwa bututu ne mai huje-huje ya ratsa ta kai tsaye, an kewaye shi da abin tsotse ƙara. Wannan ta fi sakin hayaƙi, ta dace da mai turbo, gama turbo da kansa yana rage ƙara. Kowace ka zaɓa, kada ka yi tafiya babu tukunya.

Dalili na farko kowa ya san shi. A shekarun nan hanyoyin Isa da Sabon Birni da Shinkafi sun sha fama da 'yan bindiga, an yi hasarar rayuka da dukiya. Motar da ake jin rurinta tun daga nesa ta yi shelar zuwanta, alhali direbanta ba ya jin babur, ba ya jin kiran mai yi masa gargaɗi a bakin hanya. Dalili na biyu, ƙara tana rufe kukan inji. Direban kirki da kunne yake gane ciwon mota tun yana ƙarami. Na uku, yawan ƙara yana kurmantar da mutum a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. Na huɗu, tana firgita dabbobi a kasuwa da mashaya, a ja maka rigimar da ba ka nema ba.

INA BAKIN ZAI FUSKANTA?

Wannan ita ce tambayar da ta shafi rai. A ƙasarmu a-kori-kura ba kaya kaɗai take ɗauka ba. Ran kasuwa mutane ne a bisan buhuna, da mata da yara da awaki. In bakin bututu ya tsaya a ƙarƙashin bodi bai fito waje ba, iskar tafiya takan murɗo hayaƙin ta mai da shi kan fasinja. In kuma akwai huji a ƙarƙashin mazaunin direba, hayaƙi ya shiga ciki, musamman da sanyi in an rufe gilashi. Alamarsa ciwon kai, da jiri, da gyangyaɗi. Direba mai gyangyaɗi kuwa an san ƙarshensa. Ban da haka, a 2012 masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo dajin huhu.

Saboda haka bakin ya fito waje sosai, a gefe, bayan tayar baya, ya ɗan sunkuya. Kada ya dubi ƙasa tsaye, ya riƙa tayar da ƙura. Kada ya dubi taya, ko tiyon birki, ko tankin mai.

Wasu suna son a miƙar da bututun sama a bayan kan mota, kamar na tarakta. Ga mai ɗaukar harawa, ko kara, ko auduga, wannan kasada ce, gama bututun yana da zafi, garwashin toka kuma yakan fita ya faɗa kan lodi. Ga mai ɗaukar mutane, a fuskarsu hayaƙin zai sauka. Da damina kuma ruwan sama ya shiga ta bakin in ba a yi masa murfi ba.

Masu son haka sukan ce saboda ƙetare ruwa ne. To, muddin inji yana aiki, hayaƙin da ke fita yana hana ruwa shiga ta salansa. Babban haɗari shi ne ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa mai zurfi, kada a sake tayar da ita, a jawo ta waje a duba tukuna. Inji yana matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe.

Har wa yau, da kaka kada a tsai da mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko tarin ƙaiƙayi a masussuka. Wutar da za ta ci gero na shekara guda daga nan take iya tashi.

WAJEN MAI WALDA

Salansa mai kyau takan lalace a hannun mai ɗaurawa. Ka tsaya ka ga waɗannan abubuwa da idonka.

1. Inji yana motsi a kan robobinsa, saboda haka salansa ma a kan robobi ake rataye ta. Kada a yi mata walda a jikin shasi, kada a ɗaure ta da waya. In an ƙame ta, girgizar hanya za ta tsaga ta, ko ta tsaga bakin inji, wanda ya fi ta tsada.

2. In motar tana da gaɓar nan mai saƙar waya wadda ke lanƙwasawa, a mai da ita. Ita ke shanye girgiza.

3. Kwana ta zama mai laushi. Bututun da aka lanƙwasa ya lotse a kwana ya koma ƙarami, kome faɗinsa a sauran wurare.

4. A ɗaga shi ya ɓuya a tsakanin ƙarafan shasi. Abin da ya leƙo ƙasa, kututture da tudun tsakiyar hanya su za su cire shi.

5. A bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninsa da bodi da wayoyi, a kuma mai da faifan da ke tare zafi.

6. A sa sabon gasket a mahaɗa. A bar mahaɗar noti yadda take, don ran da za a sauke giya kada sai an yanka.

7. Kafin waldar lantarki a cire kan batir, musamman a mota mai kwamfuta. A kare tanki da tiyon mai daga tartsatsi.

In an gama, a ta da inji tun yana da sanyi, a sa tsumma a toshe bakin bututu na ɗan lokaci kaɗan, a saurara. Inda ke yoyo zai yi huci. Bayan mako guda a sake leƙawa, duk mahaɗar da ta yi baƙin zane tana yoyo. A ƙara ɗaure notuna, gama zafi yakan sassauta su.

DOKA DA LISSAFI

A Nijeriya, yawan hayaƙi yana cikin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, take cin tara a kansu, kuma tun 2011 akwai dokar tarayya a kan hayaƙin injin fetur da na gas. A Ingila, tun 2014 motar da aka cire wa matatar toka ba ta cin jarrabawar shekara. A Amurka ma, inda aka yi hotunan da samari ke kallo, cire ta laifi ne.

Ga malaman da ke riƙe da littafin motar ƙungiya ko ta ofis, kada a dubi kuɗin saye kaɗai. A ce, alal misali, wata salansa kuɗinta buhu ɗaya ne amma damina ɗaya take yi, wata kuwa buhu biyu amma tana yin damina huɗu. A shekara huɗu ta farko ta ci buhu huɗu, da ladan mai walda sau huɗu, da ranakun da mota ta kwana a gareji albasa tana ruɓewa. Ban da wannan akwai abin da ba ya shiga littafi, watau bututu ya faɗo a dajin da ba mai son tsayawa ko na minti biyar. Araha ba ta ado.

A taƙaice, ka gyara hayaƙi tukuna. Ka san injinka. Ka riƙe faɗin asali, ko ka ƙara rabin inci in kana da turbo. Kuɗin da za ka kashe a kan faɗi da ƙyalli, ka kashe shi a kan kauri da robobi da gasket. Ka bar tukunya a wurinta, ka kai bakin waje.

Lokacin wannan aiki shi ne kafin kaka, tun lodi bai kankama ba, ko kafin ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya wanke laka daga ƙarƙashin motarsa bayan kowace tafiyar fadama, ya leƙa robobi sau ɗaya a wata, zai daɗe bai koma wajen mai walda ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa kasuwa lafiya ya komo da shi gida. Sai mako mai zuwa.